Fentin da Na Yi wa Ɗakin Inna

Ni mutum ne mai zuciya, kuma ba yau na fara jin haka daga bakin mutane ba. A makarantar firamaren da nake koyarwa kusa da Bici, yara suna jin takuna suke nutsuwa. Na faɗi wannan tun farko ne don kada wani ya karanta abin da zan rubuta ya ɗauka tausayi nake nema. Ba na nema.

Innarmu ido ɗaya gare ta tun muna yara. Na hagun karan dawa ne ya soke shi a gona, ya mutu. Na daman ta yi ta lallaɓawa da shi shekara da shekaru, har yanar ido ta rufe shi bayan rasuwar Baba. Shekara uku ko makewayi sai an ja ta. A bazarar da nake ba da labari, ƙanwarmu da ke aure a Rijiyar Zaki ta samo mata layi a wani asibitin ido a birni. Aka yi aikin. Washegari da aka cire bandeji, ƙanwata ta kira ni a waya tana kuka tana dariya, wai Inna ta ƙirga yatsun likita daidai, sannan ta juyo ta ce mata ta yi ƙiba. Likita ya ce ta zauna a can kwana goma ana ɗiga mata magani, kuma a kiyaye idon nan: ban da hayaƙi, ban da haske mai ƙarfi, ko yatsa kada ya taɓa shi. Shi kaɗai ya rage mata.

A ranar na shiga ɗakinta a ƙauye, na tsaya na dube shi yadda za ta gan shi in ta dawo. Kunya ta kama ni. Baba ya yi wa cikin ɗakin filastar siminti tun da daɗewa, amma hayaƙin fitila da na garwashin jin ɗumi sun mayar da bangon baƙi ƙirin. Ga tsagewa daga sama har ƙasa, ga gidan zanzaro a kowace kusurwa, ga sawun tafin hannunta jere a tsayin ƙugu, inda take dafawa tana laluben ƙofa. Muna shiga muna fita kullum ba wanda ya damu, saboda mai ɗakin ba ta gani. Na ce wallahi Inna ba za ta buɗe sabon ido a kan wannan ƙazanta ba.

Na hau babur sai kasuwar Bici, wurin wani mai sayar da fenti. Fari na ce ya ba ni. Da na gaya masa dalili, sai ya girgiza kai.

"Malam, fari in rana ta doke shi, mai lafiyar ido ma sai ya runtse. Tsaya ka gani."

Ya buɗe babban bokitin farin fentin ruwa, ya ɗiga ja kaɗan, ya ɗiga ruwan ɗorawa, ya sa sanda ya yi ta juyawa. Abin da ya fito ba ruwan goro ba ne, ba kuma ruwan hoda ba, yana tsakani, kamar an dama dafaffiyar kabewa da madara. Ya ce sunansa fici, matan birni shi suke yayi. Ya shafa kaɗan a kan kwali ya ɗaga a rana. Launi ne mai taushi, mai ɗumi, ido yana sauka a kansa ya huta. Na sayi rola da burushi, na ɗaura bokitin a bayan babur.

Kwana biyu na yi ina share fage. Na fitar da gadonta da adakarta da jeren kwanukanta tsakar gida. Na wanke bango da garin sabulu, ruwan yana gangarowa kamar na kwata. Na toshe tsagewar da siminti. Na samo doguwar sandar gora na ɗaura rolar a kanta don in kai sama. A rana ta uku na yi shafar farko. Da la'asar, da rana ta shigo ta ƙofa, ɗakin ya yi wani irin kyau da ban taɓa zaton ɗakin ƙasa zai yi ba. Na zauna a kan bokiti ina kallo ina murmushi ni kaɗai. Ina son uwata, kuma a lokacin na ji daɗin kaina ƙwarai.

Abu ɗaya ne ban yi ba: ban gaya wa yayana ba.

Yayana shi ne ɗan farin Inna, manomi ne, bai taɓa barin gidan ba. Ni ina haya a Bici, ƙarshen mako nake zuwa. Tun da Baba ya rasu ba a raba gidan ba, saboda Inna tana ciki. To a wurinmu akwai wata al'ada da ba a littafi take ba, amma kowa ya san ta. Ranar da dattawa suka zo da igiya za su raba gida, sukan tambaya wa ya raya ina. Wanda ya sa wa ɗaki rufin kwano, ko siminti, ko wani gyara da ido ke gani, galibi shi ake bar wa ɗakin, a tura ɗaya can wajen fili. Ɗakin Inna kuwa shi ne babba, shi ne kusa da rijiya. Na san da wannan al'ada. Ko mantawa na yi, ko tunawa na yi na ture, har yau ban gama yanke wa kaina hukunci ba.

Kwanakin nan duk yana gona yana kai taki da amalanke, da duku-duku yake fita, sai dare yake dawowa. Ranar da na yi shafar farko ya dawo da wuri. Inuwarsa na fara gani a kan bangon. Ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafafunsa duk taki, ya dubi sama ya dubi ƙasa.

"Malam, wa ka tambaya?"

In ya ce mini Malam, ba girmamawa ba ce. Na ji raina ya fara tashi.

"Yaya, ɗakin uwata ne. Sai na nemi izini?"

"Uwarka. Ni a juji aka tsinto ni ke nan." Ya shigo ciki. "Shekara ashirin, duk kafin damina ni nake kwaɓa ƙasa in yi wa ɗakin nan yaɓe. Azarar nan da ke kanka ni na sauya ta. Indararon baya ni na sa. Ka taɓa ɗaukar ko kwando ɗaya na ƙasa a gidan nan? Ka zo da ruwan kabewa ka shafa, gobe a ce ɗakin Malam."

Gaskiya ya faɗa game da yaɓen, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona ni. Da na ce, "Yaya, yi haƙuri, zo mu ƙarasa tare," da yau ba ni da labarin da zan rubuta. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Shekara ashirin kana shafa mata laka kamar mai gyaran akurki, shi ne abin gori?"

Ya sa ƙafa ya hamɓare bokitin. Fentin ya malale a daɓen ɗaki, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa. Idona ya rufe. Na yi kansa na soka masa kai a ƙirji, muka zube tare a cikin fentin. Ya fi ni ƙarfi, hannun noma gare shi. Ya danne ni, ya kama wuyan rigata yana buga ƙeyata da ƙasa. Na samu kunnensa na gantsara masa cizo har na ji gishirin jini a bakina. Ya yi gurnani ya narka mini naushi a hanci. Muna mirginawa, muna santsi, matarsa tana bakin ƙofa tana salati. Baffanmu, ƙanin Baba, wanda gidansa ke jikin namu, shi ya shigo da sandarsa ya yi ta zuba mana ita a gadon baya ba zaɓi har muka rabu.

"Ku dube ku," in ji Baffa yana haki. "Mai furfura da malamin makaranta. Ba wanda zai ƙara taɓa bangon nan sai mai ɗakin ta dawo. Kun ji ni?"

Na ce na ji. Ban ji ba. Washegari na koma Bici da hanci a kumbure, na kai wa mai fentin guntun kwalin, ya sake haɗa mini launin. Na kuma sayi kwaɗo. Na kankare abin da ya bushe a daɓe, na yi shafa ta biyu, na mayar da kayan Inna, na datse ƙofar na sa makullin a aljihuna. Ni a raina bangon nake karewa. Amma kwaɗo a ƙofar ɗakin uwa, makulli a aljihun ƙani, duk ƙauyen ba wanda zai fassara shi da kare bango. Kafin kwana biyu har a masallaci ana zancen Malam ya kama ɗaki. In mun haɗu da yayana a zaure sai ya tofar da yawu ya wuce.

Ranar da Inna za ta dawo, na buɗe ɗakin tun safe don warin fenti ya fita. Bayan azahar na hango wata kusurwa a sama da shafar ba ta kama sosai ba, na ɗauko sandar gorar da rolar ina gyarawa. Sai na ji wani ƙara a bayana, ƙiiii, irin wanda ke sa haƙora tsami. Na juya. Yayana ne da fartanya. Ya kafa bakinta a bangon ya ja daga sama har ƙasa, fentin yana naɗewa yana zubowa, baƙin da na rufe yana leƙowa. Ya ɗaga ya sake ja. Ko kallona bai yi ba.

"Yaya, daina."

Ya ja na uku.

Na ɗaga gorar na sauke masa a kafaɗa. Rolar ta fice ta yi gefe. Ya juyo da ƙotar fartanyar ya same ni a haƙarƙari, numfashina ya ɗauke. Daga nan ban san tsarin abin ba, sai dai guntu-guntu. Na san na fasa masa gira, jini ya rufe masa rabin fuska, ya fallatsa a bangon. Na san ya shaƙe ni a jikin gadon Inna har ƙafar gadon ta karye. Jeren kwanukan ya rushe, muna tattaka su. Ina zaginsa, zagin da ba zan rubuta ba, wanda in ka bi shi ya koma kan uwar da ta haife mu tare. A lokacin da gaske nake son in illata shi, ba tsorata shi nake so ba. Mata suna ihu a tsakar gida, don haka ba mu ji tsayawar mota a ƙofar gida ba.

Na ture shi ya faɗa can ƙuryar ɗaki. Ni ina tsaye, bayana yana ƙofa. Ya miƙe, ya wurgo mini fartanyar. Na sunkuya, ta wuce ta kaina, na ji ta daki katakon ƙofa. A daidai wannan lokaci na ja gorar baya da dukkan ƙarfina don in soka masa ita a ciki. Gindin sandar ya daki wani abu a bayana. Abu mai taushi. Har yau hannuna yana tuna yadda ya ji.

Ba ta yi ihu ba. "Wash," kawai ta ce, ta sulale ta zauna a bakin ƙofa, tafinta a kan idon dama. Baƙin tabaron da likita ya ba ta yana ɗaya hannun, ashe ta cire shi tun a zaure don ta ga gidanta da kyau. Wani ruwa haɗe da jini yana bin tsakanin yatsunta. Fartanyar tana yashe kusa da ƙafarta.

Yayana ya dubi fartanyar, ya dubi Inna. Ya rarrafo da gwiwa.

"Na kashe mata ido," yake cewa. "Ni ne. Na kashe mata ido."

Ni kuwa na saki gorar a hankali, ta faɗi cikin kwanuka. Ban ce komai ba.

Motar da ta kawo ta ita ta mayar da mu birni. Likitan ya duba, ya daɗe, sannan ya fito ya ce ɗinkin ya fashe, abin da ke cikin idon ya zube, ba abin da za a iya yi sai dai a kashe mata ciwon. Ya tambayi abin da ya same ta. Inna ta ce ƙaddara ce. Ƙanwata, wadda ta rako ta gida, ta dube mu, ni da yayana, jini ya bushe a rigunanmu, ta juya mana baya.

Da muka dawo, Baffa ya tara mutanen gida a zaure. Ya sa yayana ya tsaya, mutum mai 'ya'ya har da mai aure, ya sharara masa mari a gaban kowa, ya ƙara masa. Yayana ko hannu bai ɗaga ba. Ya ce shi ya jefa fartanya, kowa ya shaida, kuma daga yau ba shi ba gidan nan, ya yafe rabonsa. Cikin mako ɗaya ya kwashe iyalinsa ya koma bakin gona, ya kafa ɗakin kara. Ina zaune a wurin aka yi duk wannan. Sau uku na buɗe baki, sau uku na rufe. Tsoro ne, ba wani abu ba. Ni mai zuciyar da yara ke jin takunsa su nutsu, na kasa furta kalma biyu.

Na bar hayar Bici na dawo da matata gida don kula da Inna. Mutane suka yi ta sa mini albarka. Na wanke jinin bangon, na cike sawun fartanyar, na sake shafa ficin karo na uku. Ɗakin ya dawo sumul. Duk wanda ya zo dubiya sai ya yaba launin, sai ya ce Allah ya saka wa Malam. Kowane yabo kamar an ɗora mini dutse nake ji. Damina ta zo ta wuce. Yayana yakan aiko da hatsi da itace ta hannun matarsa, amma shi ko zauren bai sake takowa ba. Na hango shi sau ɗaya a kasuwa, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Da kaka, wata ranar Asabar da hantsi, ina zaune a ɗakin ina ɓare wa Inna gyaɗa. Ta miƙa hannu tana shafa bangon kusa da gadonta. Tausayi ya kama ni, na ce bari in kwatanta mata.

"Inna, launin nan da kike shafawa, wani irin ja-ja ne mai haske, kamar..."

"Ba sai ka faɗa ba. Na gan shi."

Na daina ɓare gyaɗar.

"Na tsaya a ƙofar nan na gan shi. Ya yi kyau ƙwarai. Ban taɓa kwana a ɗaki mai kyansa ba." Ta sauke hannun. "Na ga fartanya ta wuce ta daki katako. Sannan na ga sanda ta taho. Na ga hannun da ke riƙe da ita, har da agogo."

Yayana bai taɓa ɗaura agogo ba a rayuwarsa. Gyaɗar ta zube daga hannuna.

"Wata biyar ina jiranka," ta ce. Muryarta ba faɗa a ciki. "Idon ya tafi, na yafe, kai ma ba da niyya ka yi ba. Amma wancan," haka take kiransa, don uwa a wurinmu ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kuma tsaya masa a gaban mutane, "wancan yana can yana cin kansa. Ni bakina ba zai iya wanke shi ba, ka sani. Da kai ne aka ɗora wa, da tun a zaure na yi magana. Tashi ka je."

Na tashi. Hanyar gonar ba ta da nisa, amma sai da na tsaya sau biyu. Na same shi yana yankan gero, shi kaɗai a ƙarshen kunya. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba.

"Yaya, fartanyarka ba ta taɓa Inna ba. Ƙofa ta daka. Gorata ce ta same ta. Na sani tun a ranar."

Ya tsaya da yankan. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya miƙe, ya ajiye magirbin a ƙasa a hankali, ya sa ƙafa ya ture shi nesa da kansa.

"Tun a ranar," ya ce.

"Tun a ranar."

"Kana zaune Baffa ya mare ni."

"Ina zaune."

Ya ɗaga hannunsa na dama ya dube shi, ciki da baya. "Wata biyar, in zan ci tuwo da hannun nan sai na rufe ido."

Da hannun ya same ni a baki. Na faɗi cikin karan gero. Na tashi, ya sake. Na sake tashi, hannuwana a baya, ya ƙara na uku, na ji haƙorina na gaba ya tafi. Ban kare ba, ban rama ba. Ya tsaya a kaina yana huci, hawaye yana bin gemunsa. Sai ya juya ya zauna a kan dami, ya ba ni baya. Na tofar da haƙorin na kama hanyar gida.

Inna tana inda na bar ta. Ta ji shigowata ta ce in matso. Na durƙusa a gabanta. Ta laluba fuskata da yatsu, ta bi kumburin leɓena, ta taɓa giɓin, ta ji danshin jinin. Ta goge yatsun a zanenta.

"Ka faɗa masa ke nan."

Sannan ta juya fuskarta wajen ƙofa, ta ɗaga murya ta kira matata da ke tsakar gida.

"Ke 'yar nan, in za ki tuƙa na dare ki ƙara gari. Ki zuba a babban kwanon nan, na su biyu, shi da wancan."